Gorar 'yar fari

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Ke" take ce min, in kuma labarina take ba wani sai ta ce "ta Katabu", tunda can aure ya kai ni. Ƙannena kuwa har kirari take yi musu. Na san kunya ce, haka aka yi mata ita ma, amma sanin dalilin bai taɓa hana ni jin haushi ba. Ina yarinya nakan ɓuya bayan tankin ruwa in ƙi amsawa, wai ko za ta gaji ta kira sunan. Ni nake gajiya in fito.

Duk layinmu a Unguwar Dosa an san Mama da zoɓo da lemon citta. Ba na sayarwa ba ne. In azumi ya kama takan dafa babbar tukunya, ta ɗura a gorunan ruwa da aka wanke, a raba wa maƙwabta kafin shan ruwa. Kowa da irin nasa. Tsohon malamin makarantar da ke bayan gidanmu ba a sa masa sukari, telan bakin titi kuwa sai citta ta sa shi tari yake cewa an yi zoɓo. Gorunan duk kamarsu ɗaya, amma ba ta taɓa haɗa na wani da na wani ba.

Bayan rasuwar Baba ne abin ya fara canzawa. Wata rana da tsakar zafi muka ji wani abu ya fashe a ɗakinta. Ashe gorar lemon citta ta tura cikin atamfofinta ta manta, ya kwana ya kwana har ya yi tsami ya tashi. Warin ya cika gidan. Ƙanena, da ba ya barin abin tsokana ya wuce shi, ya ce ashe Mama gidan burkutu ta buɗe ba ta gaya mana ba. Muka yi ta dariya, har da ita. Da na sunkuya ina goge ƙasa sai na hango wasu gorunan a ƙarƙashin gado, duk sun kumbura, sai na daina dariya.

Ba a jima ba malamin nan ya dawo da gorarsa da kansa, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi, wai kamar an yi kuskure an sa sukari. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, ya rubuta magani, ya ce sai haƙuri. Ƙanena ya ce a raba ta da murhu. Na ce sam, domin ko sallah ta fara rikice mata, amma hannunta bai manta awon zoɓo ba. In an karɓe wannan me ya rage mata?

Haka aikin manna suna ya faɗo kaina. Da azumi ya zagayo, ina tashi daga ofis sai in biya gida da farin salatif na takarda da biro. Ita tana ɗurawa tana faɗin mai gora, ni ina rubuta sunan da ranar da aka dafa, ina kuma ɗanɗana wa malamin nasa a bakin harshe in tofar. Aikin banza ne mai cin rai. Salatif ba ya kama gora mai gumi, sai an goge ta da tsumma, biron kuma ya ga dama ya rubuta, ya ga dama ya ƙi. Ga yunwa, ga Mama tana cewa 'yan boko ko ruwa sai sun rubuta masa suna kafin su sha. Sau da yawa nakan ɗaga mata murya, in koma Katabu ina cizon yatsa.

Sai ta fara kiran waɗanda babu su. Wata aminiyarta da ta koma Rafin Guza tun muna yara, sannan Baba. Ranar da ta fara cewa in rubuta na Baba, na ce mata ai ya rasu. Ta zauna daɓas ta yi kuka sabo fil, kamar yanzu aka fita da shi. Daga ranar ban sake gyara mata ba. Duk sunan da ta faɗa rubutawa nake, in aika da gorar masallaci.

Wata la'asar, azumi ya yi nisa, muna zaune a tsakar gida sai na ga ta raba ƙaramar tukunya daban. Ta ɗura ta a gora guda, ta goge ta da kanta, sannan ta tsaya tana kallon hannuna.

"Baiwar Allah, rubutunki da kyau," ta ce. "'Yar gidan waye ke?"

Ba ta ma jira amsata ba. Ta miƙo min gorar ta ce wannan ta babbar 'yarta ce, ta Katabu, ba a sa mata kanumfari domin tun tana ƙarama yake tayar mata da zuciya. Ni da na girma ina jin "ki sha ko ki bari", ban taɓa sanin ta lura ba. Da yake baƙuwa take gani a gabanta, sai bakinta ya buɗe. Ta ba ni labarin ƙyandar da na yi, yadda take jira surukarta ta fita unguwa sannan ta ɗauke ni ta goya, da ta ji motsin ƙofa ta sauke ni. Ta ce yarinyar akwai zuciya, amma duk cikin 'ya'yanta babu mai tausayi kamarta. Ina ji ina yankan salatif.

Na manna shi a jikin gorar, na ɗora biro a kai.

"Mama, wane suna zan rubuta?"

Ta yi 'yar dariya, ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Ke kuwa, ana faɗin sunan 'yar fari?"

Na ce babu kowa, daga ni sai ita, ba wanda zai ji. Ta ƙura wa gorar ido, leɓɓanta suna motsi. Na jira har kiran sallah ya fara tashi daga masallacin layi. Har yau ban sani ba ko kunya ce ta riƙe ta, ko nema ta yi ba ta samu ba.

"Bar shi haka fari, za ta gane nata ne," ta ce. "In kin gan ta ki ce ta riƙa leƙo ni."

Na ce Mama ai ni ce. Ta dafa kafaɗata ta sa min albarka, ta ce ni ma ina da kirki.

Na tafi da gorar Katabu, na kasa sha. Na sa ta a firij, aka ɗauke wuta kamar kullum, aka kawo, aka sake ɗaukewa, ina buɗewa ina kallonta ina rufewa har ta fara kumbura. Mijina ne ya ce min a hankali abin da ke ciki ya wuce halal, gara in zubar kafin ta fashe. Na kai ta bakin magudana na murza murfin kaɗan kaɗan. Warin nan na ɗakin Mama ya taso, na tsuguna a wurin na yi kukan da ban yi a gabanta ba.

Azumin da ya biyo baya Mama ba ta ƙara ɗora tukunya ba, magana ma ta ragu sai ɗai-ɗai. Gorar tana nan a kan kantar kicin ɗina, na wanke cikinta ban bari ruwa ya taɓa salatif ɗin ba. 'Yata ta fari ta taɓa ɗauko biro ta ce bari ta rubuta min sunana a kai, tunda tawa ce. Na karɓe biron na ce ta bari.