Goggo Ashta da Biyar ga Mayu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tabarmar Goggo Ashta a gindin dutsen Uhudu na Madina ya san ba a fara ciniki da ita sai an amsa tambaya ɗaya. Ka zo sayen na'ana'a ko zoɓo ko lalle, ba za ta dubi kayan ba, kai za ta duba, ta ce da Larabcinta na Cadi, "Ku wa ya mallake ku?" In ka ce Ingilishi, ta auna maka daidai. In ka ce Faransa, ta girgiza kai, ta yi maka jaje, ta dinga ƙara gyara har leda ta ƙi ɗauruwa. Wani Baturke ya taɓa buga ƙirji ya ce su ba wanda ya taɓa mallakarsu. Goggo ta zare dami ɗaya daga ledarsa, ta ce to shi ba ya bukatar lallashi.

Ni 'yar ƙaninta ce, a hannunta na tashi, don haka na san tushen abin. Faransawa sun kama mahaifinta aikin dole na hanya a Cadi, suka bar masa zane a baya. Ya kwashe iyalinsa ya gudo a ƙafa ta Sudan, Goggo tana yarinya, har Allah ya kawo su Madina. Tun daga nan ba ta yafe wa Faransa ba.

Amma ba Faransa ce ke cin ranta ba, jikarta Rim ce, 'yar ɗanta Usman. Rim haifaffiyar nan ce, tana jin Hausa tas, amma ko za ka yanka ta da Larabci za ta amsa maka. Laifin namu ne, kuma nawa ya fi yawa. Tana shekara bakwai, ana cin nama ranar Layya, ta miƙa hannu ta ce, "Kaka, ba ni kashi in tsotsa." Ƙashi take nufi. Ɗaki ya tuntsire da dariya, ni har da faɗuwa kan tabarma. Yarinya ta janye hannunta, kuma daga ranar ba ta sake furta kalmar Hausa ba. Ko "Kaka" ta daina, ta koma "Sitti" irin na 'yan Hijaz. Goggo takan ce ita ba inda za ta sai ta ji yarinyar nan ta amsa mata da harshen ubanta. Muna dariya, amma da gaske take.

Maganar Meksiko kuwa wata rana da hantsi ta shigo mana. Motar masu ziyara ta sauke mutane, kowa ya nufi tudun maharban yaƙin Uhudu, sai wata tsohuwa mai kumburarrun ƙafafu ta kasa, ta zauna a inuwar lemar Goggo ita da 'yarta. Daga Meksiko suke, sun musulunta, sun zo Umra. Sunan tsohuwar Maryam, 'yar kuwa ta ɗan karanta Larabci, ita ce tafinta. Goggo tana cin shinkafa da wake da mai da yaji, ta tura musu kwanon don kara, tana jiran ta ga sun fara tari. Maryam ta kai loma ɗaya, ta tauna, ta nuna robar yaji a ƙara mata. Nan take ta shiga ran Goggo.

Sai aka zo kan tambayar. 'Yar ta ce Sifaniyawa ne suka daɗe suna mulkinsu, amma Faransa ma ta taɓa kawo musu yaƙi a wani gari da ake kira Puwebla, da sojoji masu yawa da kayan faɗa na zamani, kuma mutanen ƙasar da ba su kai su yawa ba suka fatattake su.

Goggo ta ajiye cokali. "Faransa dai da na sani?"

"Ita."

"Suka gudu?"

"Suka gudu. Har yau ana bikin ranar, biyar ga watan Mayu. Muna ce mata Sinko de Mayo."

Goggo ta dubi kwanon da ke tsakaninsu, ta nuna shi da yatsa. "Shinkafa da mai?"

Maryam ba ta san me aka ce ba, ta ga dai an nuna abinci, ta gyaɗa kai tana dariya. Shi ke nan magana ta zauna. Ba mu sake ganin matan ba, amma ranar Goggo ta dawo gida ta sanar da mu cewa ta gano 'yan'uwanmu a bayan teku. Suna cin wake, suna cin masara, suna ƙara yaji, sun kori Faransa, kuma har sunan bikinsu da Hausa yake. Saboda haka mu ma za mu fara yi.

Ni ta aika gayya. Ku tuna tsofaffinmu na Madina da watan Hijira suke lissafi, ba ruwansu da su Afrilu da Mayu. Na je unguwar Bani Harisa gidan aminiyarta Hajiya Kande, na ce Goggo za ta yi girki biyar ga Mayu, tana gayyatarta.

Hajiya Kande ta kama haɓa. "Biyar ga mayu? Kwano biyar za ta ajiye wa mayu? A garin Manzo?"

Na ɗauka wasa take, na ce ai ba kwano biyar ba, tukunya ce guda, babbar nan ta biki. Kafin La'asar labari ya kai unguwar Al-Azizya cewa Ashta ta fara ciyar da mayu a saman soro.

Ranar girki ba wanda ya leƙo sai mijin Hajiya Kande, Malam Ɗahiru, ya tsaya a bakin ƙofa da carbi yana tofe-tofe. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa sunan wata ne. Ya sauke ajiyar zuciya, amma tunda ya riga ya taho da wa'azi bai so ya koma da shi ba.

"Hajiya Ashta, ko da wata ne, Musulmi idi biyu gare shi."

"Malam, ka gan ni da sabon ɗinki? Ka ji na ce a yi raka'a biyu? Sadaka nake wa Babana a ranar da wasu suka kori Faransa, tunda shi bai samu ya kore su ba, shi aka kora. In haramun ce ka faɗa, in juye wa kuliyoyi."

Malam ya leƙa tukunya, ya ce zai binciki mas'alar. Ya bincike ta kwano biyu, ya tafi da na uku a rufe.

Da shekara ta zagayo soro ya cika da mata da yara, 'yan Cadi da 'yan Sudan da tsofaffin gidajen Kanawa. A nan Goggo ta fito da abin da take ƙullawa tun farko. Ta zauna gaban tukunya da ludayi, ta ce ba a zuba wa kowa sai ya roƙa da Hausa. Kowa ya san don wa aka kafa dokar. Yaran maƙwabta suka yi ta ce mata "Kaka, abinci" suna karɓa. Rim, lokacin ta zama budurwa, ta miƙa faranti ta ce, "Min fadlik, ya Sitti."

"Ƙawata, wannan ludayin ba ya jin Larabci."

Rim ta ajiye farantin a hankali, ta sauka ƙasa ta aika a sayo mata soyayyar kaza. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru. Taurin kan iri ɗaya ne, a wurin Goggon ta gaje shi.

Da Rim ta shiga makarantar jinya sai ta samo hanyar ramuwa. Wata shekara ta hau soro da wayarta, ta zauna kusa da tukunya, ta fara karanto mana tarihi da Larabci, mutum ya rantse a aji take. Ta ce na farko, sunan ba ruwansa da shinkafa, biyar ga Mayu kawai yake nufi da Sifaniyanci. Goggo ta ce ita daga bakin masu abin ta ji, ba daga waya ba. Rim ta ce na biyu, an yi yaƙin a 1862, kuma shekara guda bayan nan Faransa ta dawo ta ci garin.

"Sun dawo? To sai me? Mu da ke zaune a gindin Uhudu ba wanda zai koya mana ana samu ana rasawa. Daga ƙarshe sun tafi ko ba su tafi ba?"

Rim ta duba wayar, ta amsa can ƙasa cewa sun tafi. Sai ta jefo na uku, wanda take ganin shi zai gama da Goggo. Ta ce a Meksiko ma ba kowa ya damu da ranar ba, in ka cire garin da aka yi yaƙin. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka su ne suka mai da ita babban biki, da jerin gwano da kiɗa da rawar mata masu faffaɗan siket, da abincin gida a bakin titi.

Goggo ta ajiye ludayi. Can ta ce, "Ai dole. Wanda yake gida me zai tuna? Mu da muka fito mu ne muke tsoron yaranmu su manta. Na rantse su ma jikokinsu da Turanci suke amsa musu." Rim ta kashe wayar.

Kafin ta sauka dai sai da ta bar mana masifa. Ta ce abincin da garin Puwebla ya yi suna da shi miya ce ta barkono da cakulan. Goggo tana da cakulan na Sallah da take tarawa a akwati tun ban san yaushe ba, don ita ba ta zubar da komai kuma ba ta ci. Shekara mai zuwa ta narka su kaf a miyar kuɓewa. Ba zan kwatanta muku ba, waɗanda suka ci suna nan da rai. Ta hana a zubar, kwana uku ana ɗumama mana. Malam Ɗahiru ya kai loma ɗaya ya ce yanzu ya kammala bincikensa, makaruhi ce.

Bara ciwon suga ya kwantar da ita. Likita ya hana ta mai da gishiri da yaji, wato ya hana ta rayuwa. Rim ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya, ita ke zuwa bayan aiki ta ba ta abinci da magani. Ana saura kwana biyu biyar ga Mayu, Goggo ta sanar cewa kunnenta na Larabci ya mutu. Rim ta zo da faten kayan lambu tana lallashi, "Yalla ya Sitti," Goggo ta juya fuska bango. Ni in na ba ta da Hausa sai ta ce ba ni ce nas ba. Mai ciwon suga ta yi wuni biyu a kan ruwa da rabin dabino. Usman ya roƙa, na yi kuka, Hajiya Kande ta zo ta zazzage ta, duk a banza. Na ji tsoro ƙwarai, don na san Goggo za ta iya mutuwa a kan gardama.

Ranar biyar ga wata bayan Azahar, Rim ta gwada jininta, ta ga abin da na'ura ta nuna. Ta yi magiya da Larabci, ta yi faɗa da Larabci, Goggo tana kallon silin. Sai Rim ta dire kwanon a kan gado, ta kama kafaɗarta, ta ce da wata Hausa mai karkatattun kalmomi:

"Kaka, buɗe baki. Kin cika taurin kai. Ki ci, ki sha magani. Ni ba na so ki mutu."

Mu huɗu ne a ɗakin har da Usman, kuma wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni mayafina na cusa a baki, ba don dariya ba.

Goggo ta juyo a hankali, ta kafa hannu a kunne. "Me kika ce?"

Rim ta maimaita. Goggo ta ce ba ta ji ba. Ta sake maimaitawa, hawaye na zuba, ta ƙara da cewa, "Na Hausar ma ya mutu ne?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau. Daɗi nake ji." Ta buɗe baki, ta cinye faten nan tas, tana ci tana cewa ba gishiri.

Wata bakwai ta ƙara a duniya. Kullum bayan La'asar za ka same su su biyu, Rim tana karya Hausa, Goggo tana gyara mata, suna musu a kan kowace kalma. A nan Rim ta ji sunan ƙauyensu da sunayen kakanninta da labarin tafiyar ƙafa daga Cadi, abubuwan da ni da na tashi a gidan ban taɓa tambaya ba. Ranar da jikin ya yi tsanani, hannun Rim ta riƙe, ta ce mata, "Ƙawata, kin makara, amma kin zo." Aka kai ta maƙabartar Baƙi'a bayan sallar Azahar.

Allah ya jiƙan Goggo Ashta, ya sanyaya makwancinta, ya haɗa ta da Babanta a inda ba mai korar wani. Maryam ta Meksiko, in tana raye Allah ya ba ta lafiyar ƙafa, in ta riga mu Allah ya sa su haɗu. Mu da muka yi wa yarinya dariya Allah ya yafe mana, ya bar harshen nan a bakin Rim da 'ya'yanta. Amin.