Kakin Zuma a Bakin Bindigar Baba

Duk wanda ya ce maka garaje ne ya cinye yatsun babana, bai san abin da yake faɗa ba. Shekara goma sha shida ana maimaita maganar nan a gidajen suna da zaman makoki, daga unguwar Largo har College Park: wai Isuhu mai tasi ya sayi bindigogin Turawa bai iya su ba, ya sa harsashin da ya fi ƙarfinta, ta fashe masa a hannu. Ƙanensa, Baffa Mamman, ya fi kowa yaɗa ta, har suna ya laƙaba masa, Mai Uku. Baba bai taɓa musawa ba. In an tsokane shi sai ya ɗaga hannun hagun nan mai yatsa uku ya ce, "Laifina ne, kuma na biya." Ni ma haka na ɗauka, har watan jiya.

Amma sai na fara da Iya, mahaifiyarsu, don a bakinta abin ya faro.

Ina shekara bakwai Baba ya kawo mu ƙasar Turawan nan daga Maraɗi, ni da yayata Hadiza da mamanmu da Iya. Iya ta raina komai na gidan. Wutar girkin da ake murɗawa ta kama, ta ce wannan ba wuta ba ce, tunda ba ta da toka. Sai da Baba ya saya mata kaskon gawayi ta ajiye a kan ɗan simintin bayan gida. Da an idar da magariba za ta hura shi da murfin roba, ta jera masara, mu zauna a tsohuwar darduma. Maƙwabciyarmu ta yi ƙorafin hayaƙi har ta gaji. Iya takan ɗaga mata hannu da fara'a, ta ce da Hausa, "Ki shaƙa, 'yar nan, magani ne."

Doka ɗaya ce a bakin kaskon: ba Turanci. Wadda ta yi, ba masara.

"Ku matso," in ji ta, "ga ta nan tafe da ƙafarta."

"Ta iso mu gan ta," mu ce.

Iya 'yar maharba ce, ubanta da kakanta duk daji suka ci. Tatsuniyoyinta ba na lallashin yara ba ne, jini ne a cikinsu. Wadda muka fi roƙo ita ce ta bindigar da ake kira Ƙishirwa.

Wani maharbi ne ya kashe ɓauna, ya dawo gida a gajiye, ya rataye Ƙishirwa a bango bakinta a buɗe. Matarsa ta ce, "Maigida, rufe mata baki." Ya ce gobe. Ashe bindiga da baki take jin ƙamshi. Da gari ya waye sai ga kaza a tsakar gida, ba kai, gashinta manne a bango. Matar ta sake magana, ya ce gobe. Washegari akuya ce, hanjinta a waje, ɗanta yana tsotson gawar. Matar ta durƙusa ta roƙe shi, ya ture ta da ƙafa. A ranar ne babban ɗansa ya yanke a yatsa wajen feƙe kara, ɗan ɗigo kawai, ya shafa a riga ya kwanta. A nan Iya takan tsaya ta juya masara, ta bar mu muna riƙe numfashi.

"Ƙishirwa ta juyo a hankali a jikin bango," ta ce, tana juya tsinken hannunta har ya kalli Hadiza. "Ta shaƙa. Ta shaƙa. Tau!"

Kan yaron ya tarwatse kamar ƙwarya a ƙarƙashin kofaton bijimi. Uwar ta riƙa tattarawa da hannu tana mayarwa. Maharbin ya ɗauki bindigar ya maka ta da dutse, ta karye, jini ya yi kwana bakwai yana zuba daga cikinta.

"Tun daga ranar," Iya ta ce, "bindiga ba ta kwana gidan da ke da yara sai an cusa mata tsumma an liƙe da kakin zuma. Ƙurungus, na jefa ta wuta, wanda ya ciro tasa ce."

Hadiza kan yi kuka. Ni kuwa sai in ce a sake.

Ina shekara tara Baba ya shigo da dogayen akwatuna biyu. Wani tsohon fasinjansa, wanda ya daɗe yana kai shi asibiti, shi ya koya masa harbin takarda, irin wanda ake kwanciya rub da ciki ana auna baƙin ɗigo daga nesa. Da tsohon ya gaza, ya sayar masa da bindigoginsa biyu da araha. Iya ta gan su, ta ɗaure fuska.

"Iya, waɗannan takarda kawai suke ci," Baba ya ce yana dariya.

"Wadda ta ci takarda yau, gobe nama za ta nema."

"A kulle suke, ga makulli a aljihuna."

"Kulle akwati ka yi. Bakin fa?"

Ya sumbaci hannunta ya wuce. Mantuwa ya yi cewa ita ke wanke masa wando.

Ranar wata Asabar na nace sai ya tafi da ni filin harbin. Ya sa mini abin toshe kunne, ya zaunar da ni a benci bayan layi. Ya goge bindigar tun ranar Alhamis, saboda haka bai sake leƙa cikinta ba. Ya kwanta, ya sa harsashi ɗaya ta baya, ya ɗora hannun hagu ƙarƙashin bututun. Na ga bayansa ya daina motsi.

Ƙarar ba irin ta sauran ba ce. A haƙorana na ji ta. Ƙarfen ya tsage gida uku ya lanƙwashe baya kamar ɓawon ayaba. Baba ya mirgina, ya ɗaga hannun yana kallo, jini na tsartuwa har kan hularsa. Yatsu biyu babu. Ɗaya na gan shi a kan tabarmar da ya kwanta a kai, da farcensa, da ɗan tabon da na sani. Wani ƙato ya cire bel ɗinsa ya ɗaure masa dantse, ya taka da gwiwa yana ja. Baba bai yi ihu ba, salati kawai yake, yana cewa a kawar da yarinyar. Kuma cikin warin albarushi da jini na ji wani ƙamshi mai daɗi, kamar ana ƙona saƙar zuma. Na faɗa wa mamanmu, ta ce firgita ce.

Bayan sati biyu Iya ta sake hura kasko. Na ce, "Iya, a yi mana Ƙishirwa." Marin da ta yi mini har masarar hannuna ta faɗa wuta. Ba ta taɓa dukana ba kafin nan, ba ta kuma sake ba. Tatsuniyar ma ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Daga baya kaskon ya yi tsatsa aka jefar. Shekara goma sha shida ita ke yayyanka wa Baba nama a kwano, kuma ban taɓa ganin ta kalli hannun ba.

Baba ya rasu bana, ciwon zuciya ne. Malamin da ke raba gado ya ce ba a raba abin da ba a san darajarsa ba, a kai bindigogin wurin masani. Baffa ya ce, "A kai wa 'yan sanda tarkacen Mai Uku mu huta." Na ce masa ba tarkace ba ne, kuma sunan ubana Isuhu. Ni na ɗauke su na kai wa wani tsohon Bature mai shago can gaba da garin Annandale.

Mutumin ba ya sauri, ni kuma ba ni da haƙuri. Ya shimfiɗa mayafi, ya fara da lafiyayyar. Ya nuna mini hatimin maƙera a jikin ƙarfen, ya ce ƙirar Jamus ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ya gwada lambar jikinta da ta sakatar da ke rufe harsashi, suka zo ɗaya, ya ce wannan ke nuna ba a yi mata haɗe-haɗe ba. Ya shafa ƙotar, ya ji daɗi ba wanda ya kankare ta ya sake fenti. Ya ce kaurin bututun da ɗan ramin da ake leƙawa a auna sun isa shaida cewa ta gasa ce, ba ta farauta ba.

"To nawa?" na ce.

"Sai na ga cikinta. Darajar irin wannan a cikin bututu take. In yana da tsabta, za ta sayi tsohuwar mota mai lafiya. In ya yi tsatsa, itace da ƙarfe kika kawo mini."

Ya haska fitila ta baya, ya leƙa ta gaba. Haske bai fito ba. Ya zura siririyar waya, ta tsaya a kamu ɗaya daga baki, ya zaro ta da wani abu rawaya a tsininta. Ya shinshina.

"Kakin zuma ne. Da tsumma a bayansa, an tura shi ciki da sanda." Ya jawo fasasshiyar, ya kankaro baƙin abu daga cikin tsagar. "Ga abin da ya kashe wannan. Ba harsashi ba ne. Wa zai yi haka?"

Iya ce, da makullin aljihun wandon Baba. Bindigar uban Iya ta baki ake ɗura mata albarushi. Maharbi ba zai iya harbi ba sai ya fara cire kakin da hannunsa, don haka toshewar ba ta taɓa cutar kowa ba. Ta Baba kuwa ta baya ake sa mata harsashi, ba mai taɓa bakin. Ina Iya za ta san wannan? Jikokinta take karewa.

"Mai ita ya sani," Baturen ya ce. Ya ɗago wata 'yar takarda da ke ɗaure da zare a kunamar lafiyayyar, wurin da ake dannawa a harba. "Me aka rubuta nan?"

Rubutun Baba ne. Kada a harba. Kada a cire.

Wato da ya dawo daga asibiti ya buɗe akwati na biyu da yatsunsa uku, ya leƙa, ya gane. Ya mayar ya rufe, ya bar ƙanensa yana masa dariya a gaban mutane shekara da shekaru, don kada uwarsa ta zama matar da ta guntule ɗanta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na sani, amma wannan haɗiyar ta yi yawa.

Da ina yarinya na ɗauka darasin Ƙishirwa shi ne ka ji maganar manya. Yanzu abin da nake gani daban ne: a tatsuniyar, buɗaɗɗen baki ne ya yi kisa, a gidanmu, rufaffe ne. Iya na nan a ɗakin ƙasa, ta haura tamanin, tana jan carbi, tana zaton ɗanta ya mutu bai san abin da ta yi masa ba, balle ya yafe.

Baturen ya ce zai iya cire toshiyar ya faɗa mini kuɗin. Na ce ya bar ta. Zan gaya wa malam a rubuta ta da darajar mai tsabta, a sa a kasona. In tsatsa ce a ciki, ni ta ci. Baffa kuwa zan faɗa masa harsashin Baba daidai yake, masani ya tabbatar, kuma in na sake jin Mai Uku a bakinsa zai ji nawa. Sauran ba nasa ba ne.

Jiya na sayo kasko da buhun gawayi da masara shida. Gobe bayan magariba zan fito da Iya bayan gida, in lulluɓe mata ƙafa, in hura wutar. Wannan karon ni zan ce ta matso. Zan ba ta tatsuniyar Ƙishirwa daga farko har ƙarshe, sannan in sa mata takardar Baba a tafin hannu, in karanta mata abin da ya rubuta.