Ajalin Gwangwani

Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, amma lamba kam ina karanta ta, kuma akwai ranakun da nakan ce da ma ban iya ba. Tun lokacin da wata malamar asibiti ta tsaya a gabanmu wurin awon ciki, ta ɗaga gwangwanin madara ta nuna mana ƙananan lambobin da ke gindinsa, ta ce wannan shi ne wa'adin abin da ke ciki, ban sake ɗaukar gwangwani ban juya shi ba. Dama can ni mai sa abu a rai ce. Idan na kashe risho na fita, sai na dawo daga bakin ƙofa na taɓa shi.

Inna, mahaifiyar maigidana, tare muke zaune da ita a unguwar Yara. Har yau amarya take ce mini, alhali babbar 'yata tana sakandare. A harkar abinci ba ni da malamar da ta wuce ta. Ita ta koya mini jingine doya a inuwa kada ta kwanta a kan siminti, da zuba busasshen barkono a buhun wake saboda ƙwari, da yanka tumatir a shanya idan ya yi araha. Tana shinshina tukunya daga nesa ta ce miyar nan ba za ta kai yamma ba sai an ɗumama, kuma haka za a yi.

Tana da wata babbar kwalla mai murfi a ƙarƙashin gadonta. Duk abin da 'ya'yanta suka kawo mata daga Abuja, madarar gari, madarar ruwa, kifin gwangwani, bota, tumatirin gwangwani, ganyen shayi, can take sa shi. Ba ta ci. Na kyauta ne. Ƙafafunta sun daina kai ta nesa, don haka idan an yi haihuwa ko rashin lafiya a unguwa, kwallar ce ke zuwa a madadinta. Za ta jawo ta, ta daɗe tana zaɓe, ta ɗaure a leda ta ce, je ki ce ina gaishe su. Duk wanda ya shigo ɗakinta da wani abu a hannu ba ya fita hannu rabbana. Da wannan aka san ta.

Wata rana maƙwabciyarmu, matar wani malamin makaranta, 'yan ƙabilar Eggon ne, 'yarta ta haihu a gidan. Inna ta ba ni babban gwangwanin madarar gari da bota in kai barka. Ina cikin soro hannuna ya yi abin da ya saba. Na juya madarar. Wa'adinta ya wuce tun bara.

Na tsaya a nan kamar an kafe ni. In koma in ce wa uwar mijina kyautarta ta lalace? Bakina ba zai iya ba. In kai wa mai jego abin da na san lokacinsa ya wuce? Na yi ta juya gwangwanin ko lambar za ta canja. Ƙarshe na ji Inna tana tambaya daga ɗaki ko na tafi, sai kawai na fita na kai.

Abin da ya biyo baya, ni kaɗai na san wahalarsa. Duk kukan jaririn da na jiyo ta katanga sai gabana ya faɗi. Na riƙa shiga gidan da dalilin da bai kai ya kawo ba, yau aron rariya, gobe neman wuta, ina tambayar mai jego ko cikinta lafiya. Har maƙwabciyar ta gaji ta dube ni tana dariya.

"Maman yara, ko kin koma aikin asibiti ne ba mu sani ba? Kullum ciki, ciki. To cikin kowa lafiya, sai dai na baban gidan nan da ba ya cika."

Na tambaye ta madarar a fakaice. Ta ce ai tuni suka ga bayanta, da mai jegon da masu zuwa barka, har ta wanke gwangwanin ta zuba gishiri. Ta ce in ƙara yi wa Inna godiya.

Ya kamata hankalina ya kwanta a nan. Bai kwanta ba. Na riƙa tuna sauran kayan da ke cikin kwallar, a ɗakin da rufin kwano ke dafa shi da rana. Na gaya wa maigidana da ya dawo ƙarshen mako, ya ce in bar tsohuwa da kayanta, su da suka sha me ya same su? Ya ce yawancin lambobin nan kamfani ke rubutawa don a yi ta saye. Na tambayi mai kantin bakin titi, ya ce kayan gari idan ba su sha iska ba suna wuce lokacinsu ba komai, na ruwa ne abin tsoro. Mai kemis kuwa ya ce duk abin da ya yi esfaya, wato wa'adinsa ya wuce, a zubar, babu wata magana. Kowa da tasa, ni kuma ta mai kemis ce ta zauna mini, don ita ta fi kama da tsorona.

Rannan Inna ta sa na fito mata da kwallar tsakar gida za ta goge ƙura. Ina miƙa mata tana gogewa da tsumma, tana gaya mini wanda ya kawo kowanne. Na durƙusa kusa da ita, na ce, Inna, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa. Na nuna mata lambobin, na yi mata bayani yadda malamar asibiti ta yi mana.

Da farko dariya ta yi, har tana riƙe haƙarƙari.

"Amarya, gwangwani ma ajali gare shi? Mu da muke da rai ba a gaya mana ranarmu ba, shi an rubuta masa a gindi?"

Ta sa na kawo wuƙa ta huda wata madarar ruwa da na ce ta wuce. Ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta miƙo mini. Gaskiya ban ji komai ba, madara ce lafiyayya. Ta ce ta yi shekaru tana ciyar da gida kafin a haife ni, kuma ba ta taɓa ba kowa ruɓaɓɓen abu ba, don Allah ya ba ta hanci.

Sai na ce, "Inna, irin wannan lalacewar hanci ba ya jin ta."

Ban san daga ina na samo maganar ba. Ba wanda ya gaya mini haka. Wataƙila gaskiya ce a kan wasu abubuwan, wataƙila ba gaskiya ba ce a kan wannan madarar. Na faɗa ne don in ci gardama, da murya irin ta wanda ya sani.

Dariyar ta ɗauke. Ta ajiye tsumman, ta daɗe tana kallon kwallar. Sannan ta tambaye ni a hankali, wadda ta aika wa mai jego fa? Ta dubi fuskata ta gane. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, da wani abu ya sami yarinyar nan da jaririnta, da da wane ido za ta kalli uwarta?

Muka raba kayan gida biyu. Waɗanda suka wuce sun fi yawa. Akwai kifi guda da gwangwaninsa ya kumbura ya yi tsatsa, wannan ita da kanta ta ce a binne shi kada kaji su ci, kuma na tabbata ko ba ni za ta gane shi. Sauran kuwa ta hana a zubar. Ta ce zubar da abinci almubazzaranci ne, Allah zai tambaye ta. Ba za ta ba ɗan kowa ba, jikokinta ma ba za su taɓa ba, ita za ta ci abinta.

Haka na riƙa haɗa mata shayi kowace safiya da madarar da ni na ce ta lalace. Ina miƙa mata kofin in tsaya ina kallonta. Idan ta yi tari sai in leƙa, idan ta daɗe a banɗaki sai in tsaya a bakin ƙofa ina gyaran murya. Ta shanye madarar, ta cinye botar da burodi, ba ko ciwon kai. Na zaci wannan zai sa ta ce, kin gani ko, amarya? Na ma yi fatan ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Cewa ta yi ita tsohuwa ce, cikinta ya saba da wahala, ba a gwada na mutane da nata.

Daga nan kira ya fara. Duk abin da aka kawo, kafin ya shiga kwalla sai na zo na duba. Kafin ya fita ma sai na sake dubawa. Tana riƙe gwangwani nesa da idonta tana neman lambobin da ba za ta iya karantawa ba, sannan ta miƙo mini ta zuba wa bakina ido. Har ledar gishiri ta taɓa kawo mini. Matar da ke gane miya daga ƙofar ɗaki ta koma jiran abin da zan ce, ni da ban san komai ba sai haɗa wata da shekara. Idan wa'adin ya kusa, ko da saura wata guda, sai ta mayar, ta ce wa ya sani ko su ma ajiyewa za su yi.

A cikin damina mahaifiyata ta yi zazzaɓi, na tafi Gangaren Tudu na kwana biyu wurinta. Da na dawo na tarar da doya manya a jingine a bakin ɗakin Inna, da ƙullin riɗi, da kwalbar man gyaɗa. Na yi murna na tambayi wanda ya zo. Ta ce aminiyarta ce ta ƙuruciya, daga ƙauyensu, ɗanta ya kawo ta ganin likita suka biyo. Sun yi shekaru ba su haɗu ba. Da hantsi suka zo, yara suna makaranta, maigidan yana wurin aiki, kafin azahar suka tafi don kada mota ta wuce su.

Na ce, to me kika ba ta? Ina tambayar ina duban ƙarƙashin gado.

"Na jawo kwallar," in ji Inna. "Na buɗe. Sai na rasa wanne ne mai rai. Mace ba ta da lafiya, in ba ta abin da zai ƙara mata? Na mayar da murfin."

Na ce ai ɗan nata zai iya dubawa. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ba baƙo kyauta, sannan ta ce ya duba ko ruɓaɓɓiya ce? Na ce ai duk abin da ke ciki ni na duba shi da kaina, babu wanda ya wuce. Ta ce wannan da ne, ita ba ta san ko wani ya mutu bayan tafiyata ba.

Ta ce ta raka su har soro da sandarta, tana ta sa albarka, hannunta babu komai. Aminiyar ba ta nuna komai ba, sai dai a bakin ƙofa ta ɗan tsaya tana gyara mayafi, irin tsayuwar wanda ya saba a ce masa dakata. Da Inna ta zo nan a labarin sai ta juya fuska wajen bango.

Ban taɓa jin nauyin kaina irin na ranar ba. Na yi ta ba ta haƙuri, ta ce me na yi, ai gaskiya na faɗa mata. Wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni, don har yanzu ban san ko gaskiyar ce ba. Na san dai akwai abin da ke lalacewa a ɓoye, na kuma san akwai wanda ke wuce lambarsa lafiya lau, amma ban san iyakar da ke tsakaninsu ba, kuma ranar da na buɗe baki ban gaya mata cewa ban sani ba.

Washegari da safe na fito da kwallar. Na duba kowanne a gabanta, ina faɗin wata da shekara da ƙarfi, ita kuma tana zaɓe. Ta ɗebi fiye da abin da ta saba bayarwa, ta ƙara da turmin atamfa daga akwatinta. Na ɗaure a kwali zan kai tasha in ba direban da ke bin hanyar ƙauyen. Na tambaye ta saƙon da za a faɗa.

Ta ce, "Ki ce masa ya gaya mata mantawa na yi. Ki ce tsufa ya fara taɓa mini kai."

Na ce, Inna, kanki lafiya lau yake, bari in ce laifina ne. Ta ce a'a, ba a kai maganar gida ƙauye. Gara a ce ta ruɗe da a ce ta yi rowa.

Na ɗauki kwalin na hau babur zuwa tasha. Direban yana ɗaure kaya a saman mota, ya tambaye ni na wa ne, da abin da zai ce. Na faɗa masa yadda ta ce in faɗa. Ya girgiza kai ya ce Allah sarki, tsufa ke nan, Allah ya ba ta lafiya. Na ce amin.