Ranar da Ƙwallona Ya Ƙi Karkacewa

Shekarun baya, tun ban yi aure ba, wayar hannu ma ba ta iso Diffa ba, na kusa zubar wa mahaifina mutuncin da ya yi rabin rayuwarsa yana tarawa. Ba da sata ba, ba da shaye-shaye ba. Da wasa.

Mu mutanen Damagaram ne. Mahaifina yana da shago a kasuwar Diffa, amma abin da ke riƙe da gidanmu tattasai ne. Idan manoman bakin kogin Komadugu suka tsinka suka shanya, shi ke saye, a ɗura a buhuna a haye da shi Najeriya. Akwai wani ƙauye a hanyar Geskeru da kusan duk manomansa shi suke kawo wa, ba don ya fi kowa farashi ba, don dai sun yarda da shi. Ni ne ɗan aikensa can. In kai buhuna, in kai man injin ban ruwa, in dawo in ce gonar wane ta yi kyau.

A shekarar ne wani abokina ya dawo daga Maiduguri. Ya jima can yana ɗaukar wa masu wasan golf jakar sandunansu, har ya iya wasan. Ya dawo da sanduna biyu masu kan ƙarfe da leda cike da tsofaffin ƙwallaye farare, kowanne bai kai ƙwan kaza ba. Ranar da na ga ya buga ƙwallon ya tashi sama har na rasa shi a ido, na san na kamu. Na dame shi har ya ara min sanda ɗaya da ƴan ƙwallaye, da zai koma wani aiki na ɗan lokaci.

Da zai miƙo min ya ce, "Ka ga wannan? Ban da ƴar'uwarta da ke hannuna, duk Diffa babu irinta. In ta karye, babu maƙerin da zai iya gyara ta."

Maganar nan ta zauna min a ciki fiye da yadda ya nufa.

A bayan ƙauyen da nake zuwa akwai wani fako shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa da tauri kamar daɓe, da wata aduwa ita kaɗai can nesa. Ta hannun dama, gangaren kogi, gonar tattasan wani dattijo ce mai shingen ƙaya. Duk ranar da aka aike ni, in na gama sai in jingine babur in saiti aduwar nan. Bugun nawa iri biyu ne. Wani lokaci bakin sandar ya shafi ƙwallon a tsakiya, hannuna ya yi zir, ƙwallon ya tafi ƙasa-ƙasa yana tsalle kamar zomo. In kuma na yi sa'a ya tashi, sai ya kama hanyar aduwa tiryan-tiryan, can a sama ya canza shawara, ya lanƙwasa dama ya faɗa gonar dattijon. Ban taɓa bin sa ba. Ɗan mai sayen tattasai ya tsallaka shingen mutum lokacin da tattasai ke ƴaƴa, wane bayani zai yi? Sai in yi tsaki in ɗauko wani.

Da abokina ya dawo ya ga ledar ta rame, bai yi faɗa ba. Ya hau bayan babur ɗina muka je fakon, ya ce in buga. Na buga, zomo ya fita. Shi ko kallon ƙwallon bai yi ba, ƙasa ya duƙa yana dubawa.

"Ina tabon?"

"Tabon me?"

"Inda sandar ta taɓa ƙasa. Duk bugun da ka yi a nan, ko ƙarzane ɗaya babu. Tausayin sandar kake ji. Tana gab da sauka sai ka miƙe, ka janye hannu."

Na ce, "Kai ka ce kada ta karye."

"Na ce kada ta karye, ban ce ka goya ta ba."

Sai ya koma bayana ya sa na sake bugawa. Wannan ya tashi, ya lanƙwasa, da kyar ya tsaya a gindin shinge. Ya ce wannan kuma laifin kafaɗa ne. Ina ɗaga sandar sai in jefo ta daga waje da kafaɗar dama, in yanko ƙwallon a karkace kamar mai sara, fuskar sandar kuma a buɗe tana kallon dama. Ya kwantar da karan dawa a ƙasa kusa da ƙwallon ta waje, ya ce in na doki karan to na yi sara. Ya juya min hannu kaɗan a kan mariƙin. Sannan ya ce mu bar fakon nan, mu koma wani yashi a bayan garin Diffa inda ƙasa ke da laushi, in doki ƙasa son raina har tsoron ya fita.

Na kakkarya karan dawa ba adadi. Amma kafin sanyi ya wuce ƙwallona ya miƙe. Har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Wata ranar kasuwa ina shago tare da mahaifina, sai ga dattijon mai gona da ƙanensa da wasu manoma. Ba su amsa gaisuwar "wushe" ta mahaifina yadda suka saba ba, ba su kuma zauna a tabarmar da aka shimfiɗa musu ba. Ƙanen ya ajiye wata ƙwarya a ƙasa, ya sa sanda ya ɗage tsumman da ke kanta. Ƙwallayena ne, sun yi jirwaye da taɓo. Ko da hannu ba su yarda sun taɓa su ba.

Dattijon ya ce, "Alhaji, tattasaina ya mutu. Ganye ya nannaɗe, hure ya zube. Na shiga gyaran hanyar ruwa, ina tono wannan a gindi. An ce yaronka ne yake jehowa. Me na yi maka?"

Abin da yake nufi a fili yake: mahaifina ya sa a binne masa asiri a gona, don ta lalace ya sayi ragowar a wulaƙance. Kuma a tsakiyar kasuwa ya faɗa, masu shagunan kusa duk sun miƙo wuya. Irin wannan magana in ta bi bakin kogi, babu manomin da zai ƙara kawo wa mahaifina ko mudu ɗaya, daga nan har Geskeru. Ban da ciniki ma, sunan mai asiri ba ya wankuwa.

Mahaifina ya juyo ya dube ni. Bai san da zancen sandar ba sam. Na fara bayani, wai wasa ne, wai aduwa nake nufa ƙwallon ne ke lanƙwasawa da kansa.

Ƙanen ya yi wata dariya marar daɗi. "Da kansa? Kullum gona ɗaya? Shi kuskuren bai san gonar kowa ba sai tamu?"

Wani ya ce a kai mu wajen jandarma, wato jami'an tsaro. Mahaifina ya ce a'a, a je gaban bulama, wato mai garin ƙauyensu, abin da ya yanke ya yarda.

Washegari da hantsi muka hallara a fakon. Bulama a kan kujera, dattawa a tabarma, matasa tsaye a baya, ƙwaryar a tsakiya. Na zo da abokina. Bulama ya saurari kowa, sannan ya ce magana ba ta da wuya. Yaro ya ce abin yana karkacewa da kansa, to ya nufi aduwa mu gani.

Abokina ya raɗa min, "Manta da duk abin da na koya maka. Yi irin na da."

Na tsaya. Na ce wa kaina, jefo kafaɗa, yi sara, miƙe. Na ɗaga sandar. Jikina kuwa ya yi abin da aka horar da shi a kai. Ƙas! Sandar ta ɗauki ƙwallon ta shafi ƙasa a gabansa, ya tashi ɗoɗar, ya je ya sauka a inuwar aduwar. Tun da nake, har yau, ban taɓa yin bugu mai kyau irin wannan ba.

Sai ƙanen dattijon ya ce a hankali, "To, kun gani. Ya san inda yake aikawa."

Na roƙi a bar ni in sake. Saboda ruɗewa na ɗan karkata ƙafafuna wajen gonar, ko ya faɗa can. Wani saurayi ya yi ihu, "Ga shi nan yana juya ƙahwa! Da gangan ne!" Hayaniya ta tashi. Na ga matasan sun matso. Na dubi mahaifina, ya sunkuyar da kai, carbi a hannu amma ba ya ja. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, kuma ni na jawo masa. Hawaye ya cika min ido.

Abokina ya durƙusa gaban bulama. "Baba, a yi min izini. Wannan an riga an yi masa magani, ni na yi masa. Ciwon da yake da shi a da, duk mai riƙe fartanya yana da shi, don da kafaɗa ake saran ƙasa. A ba mai gonar sandar ya nufi aduwa da kansa."

Dattijon ya ce shi ba zai taɓa abin nan ba. Bulama ya ce, "Kai ka kawo ƙara. In asiri ne ai hannunka ba zai yi wa gonarka asiri ba. Yi bisimilla ka karɓa."

Ya karɓa. Ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi kamar zai fara huɗa a gona. Na farko iska ya sara. Na biyu ya daki fakon har abokina ya runtse ido saboda sandarsa. Babu wanda ya yi dariya. Na uku ya shafi kan ƙwallon, ya tafi yana tsallen zomo, irin nawa sak. Na san in ya gaji ya yar da sandar, shi ke nan mun kaɗe.

Ya gyara tsayuwa, ya harari aduwar, ya jefo kafaɗa da dukan fushinsa. Ƙwallon ya tashi. Ya kama hanyar aduwa, kowa ya ɗaga kai. Can sai ya fara lanƙwasa, a hankali, a hankali, ya haye shingen ƙaya ya faɗa tsakiyar tattasan mutumin.

Ya tsaya sanda a hannu yana kallon gonarsa. Da kyar ya ce, "Aduwa na nuhwa."

Na ce, "Ni ma ita nake nufa, Baba."

Matasan suka fashe da dariya, har da wanda ya yi min ihu. Sai a lokacin wani tsoho ya tuna cewa ai gonar surukinsa can ƙasa ma ganyenta ya nannaɗe, kuma ko ƙwallo ɗaya bai faɗa can ba. Bulama ya ce magana ta mutu, Alhaji ba shi da laifi, yaro kuma ya nemi wani filin. Ni daɗi ya cika ni, har na fara washe baki.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya miƙa wa abokina sandar da hannu biyu, ya je ya tsuguna gaban mahaifina ya ce ya yahe masa. Mahaifina ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Ina kusa, na ji abin da ya faɗa da ƙaramar murya.

"Alhaji, da asiri ne, da na samu mai karya shi. Yanzu ciwo ne kawai. Bana ba ni da tattasai."

Sai na daina washe baki. Duk tsawon kwanakin nan kaina da mahaifina kawai nake tausayi, ban taɓa tsayawa na dubi gonar da kyau ba. Sai a ranar na gani. Layi bayan layi, ganye a murɗe, babu ja ko ɗaya.

Na goya mahaifina a babur muka kama hanyar Diffa. Ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Tun da aka haihe ka sau ɗaya ka yi abu daidai, shi ma ranar da ake roƙonka ka karkace." Daga nan ya ce gobe in kai wa dattijon irin albasa da man inji, ko ya kama abin da ya rage na ruwan bana, kuma in shiga ta ƙofar gona in yi sallama kamar ɗan mutane.

Abin da na ɗauka daga wajen abokina shi ne, in abu ya karkace, a duba ƙasa da hannu kafin a zargi iska. Ya yi min amfani a kasuwa, ya yi min a gida. Amma ba shi ne ya fi zama a raina ba. Yanzu in mutum ya zo min da zargi yana huci, kafin in fara kare kaina nakan tambayi raina me ya rasa, don sau da yawa mai neman wanda zai ɗora wa laifi magani yake nema.

Dattijon ya rasu da jimawa. Ƙwallayen ƙwaryar ya mayar mana duka. Wanda ya buga da hannunsa ne ya hana a nema, ya ce a bar shi a gonar, shi ya aika shi.