Tafasar Bayan Ganuwa

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina zaune a unguwar Koki da 'ya'ya huɗu da girman kan da ya fi ƙarfin tukunyata. An sallami maigidana daga aiki, yunwa ta tasa mu a gaba, amma ban gaya wa kowa ba. Maƙwabciyata takan aiko mana da tuwo, ni kuwa ba abin da ke cin raina irin mayar mata da kwano ba komai a ciki.

Da damina ta kankama sai na tuna da tafasa, ganyen da ke fitowa da kansa. Don kada a gan ni ina tsinka, na ja mayafi na tafi har bayan ganuwa wajen Ƙofar Kabuga. Na samu fili cike da ita. Ganyen ya ɗan yi yaushi, yana wari kamar kananzir, amma idona ya rufe. Wani dattijo mai kiwon awaki ya yi ta yafito ni, na ɗauka gane ni ya yi, na ƙara sauri.

Na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, na cika kwanon maƙwabciyata fam, yarana ɗanɗano kawai suka samu. Na ce ƙanwata ce ta kawo daga ƙauye. Surukar maƙwabciyata, tsohuwa mai son kwaɗo, ta cinye fiye da rabi. Kafin la'asar tana amai, yawu na dalala, ba ta gane kowa. A asibiti likita ya tambayi inda aka samo ganyen, ya ce maganin da zai ba ta ya dogara da amsar. Ina tsaye maƙwabciyata ta maimaita masa ƙaryata. Na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Aka garzaya aka samo dattijon, ya ce feshin maganin kashe ciyawa aka yi wa filin saboda taron 'yan siyasa, abin da yake son gaya mini ke nan.

Tsohuwa ta tashi bayan kwana biyar. Maƙwabciyata ba ta taɓa yi mini gori ba. Tuwo ta kawo da kanta, ta ce in riƙa mayar da kwanon haka nan, ai ta daɗe da sanin halin da muke ciki.

'Yan uwa, kada ku tsinki ganye inda ba ku tambayi mutanen wurin ba, in kuma ya sauya wari ku bar shi. Ni kunyar kwano ce ta kusa sa in kashe rai, alhali sirrin da nake ɓoyewa kowa ya san shi.