Kofin Shayin Sista Zgambo

Kowace safiya Sista Zgambo takan ɗora buta a wuta kafin ta buɗe ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa a ƙaramin asibitinmu na Rumphi. Takan cika kofi har baki ta miƙa wa mara lafiya, idonta na kan hannunsa. In hannun ya yi rawa shayi ya zube, sai ta tura shi gwajin jini, ko magani ya yi masa yawa.

Mahaifina, tsohon malamin makaranta, yana cikin masu shan shayin nan. Ciwonsa mai hawa da sauka ne. Wani watan ba barci, sai waƙa da rabon tufafinsa a kasuwa. Wani watan ko gaisuwa ba ya amsawa. Dangi suka ce sammu ne. Sista ta ce sinadaran ƙwaƙwalwa ne, kamar gishiri a miya: wata rana ya zarce, wata rana bai ji ba. Nata bayanin kaɗai ya karɓa.

Ni ke tuƙa masa sima, tuwon masararmu, ni ke bin kasuwa ina karɓo rigunansa. Amma Sista ya gaya wa ranar da ya ji rayuwa ta ishe shi. Mangwaron farko na bishiyarmu nata ne. In na miƙa masa ƙwaya sai ya ce, "Sista ta sani?"

Sista, ke ce kika dawo mana da shi, mai sanyin hannu. Har yau abin yana ci min rai, da ba ni ba ce.

Da ya ji za ta yi ritaya, ya ce shi da magani sun rabu ke nan. Ranar ƙarshe ta miƙo min butar.

"Tiwonge, zuba wa saurayina," ta ce min, tana nuna mahaifina.

"Wannan? Ko ruwan zafi ba ta iya ba," in ji shi.

"To koya mata. Ba kai ne malam ba?"

Na cika kofin. Ya ɗaga, ko ɗigo bai zube ba. "Sukari ya yi yawa," ya ce, yana kallonta. Sannan ya buɗe min tafin hannunsa, na sa ƙwayar.

Mun gode, Sista. Masu jinya da ke tasowa, ku koyi cika kofi, ku koyi miƙa buta in lokaci ya yi.

Mangwaron bana dai, na san gidan da za shi.