Kujerar Suruki a Gefen Gado

A shekarar da nake karatun gashin ƙashi a Manchester aka ɗora mana wani kwas ta intanet, kan yadda ake magana da majinyaci da fahimtar halin da yake ciki. A ɗakina na unguwar Ardwick nake yin sa, kwamfuta a cinya, bayana jingine da hita. Ba zan ce na raina kwas ɗin ba, tsoronsa dai na ji. Ƙashi da jijiya ina iya haddace su, amma ban san da me ake auna tausayi ba, kuma ina zargin in aka auna nawa ba zai kai ba.

Akan haɗa mu ta bidiyo da wata dattijuwar Baturiya 'yar wasan kwaikwayo, ta yi kamar ƙugunta ke ciwo, mu yi mata tambayoyi. Bayan zaman farko ta ce min, tana dariya, ina jero tambaya kamar wadda bas za ta tafi ta bari. Ta ce in na tambaya in yi shiru, in kuma lura da inda idon mutum ke zuwa kafin bakinsa ya buɗe. Na yi ta gwadawa. Shirun nan ya fi min komai wuya.

Da lokacin koyon aiki ya zo, Birmingham aka tura ni, ƙarƙashin wata ma'aikaciya Baturiya mai bin marasa lafiya gida. Cikinsu akwai wata Hajiya Bakatsiniya a unguwar Small Heath, mai fama da shanyewar ɓarin jiki, tana zaune wurin 'yarta. 'Yar likita ce, da rana ba ta gida. Mijinta akanta ne, a gida yake aiki, shi ke jawo kujera gefen gado yana yi musu tafinta tun kafin in fara zuwa.

Hajiya ba ta motsa ƙafar. A ce ta kwanta rigingine ta lanƙwasa gwiwa, sai ta juya fuska bango. A mota shugabar tawa ta ce min wataƙila damuwa ce ta danne ta, kuma in ba a ga ci gaba ba dole a dakatar da zuwa, akwai masu jira. Na san abin da hakan ke nufi: ƙafar za ta sandare, Hajiya ta ƙare a gado.

Zuwa na gaba shugabar ta ce ni zan jagoranta, tunda harshenmu ɗaya da Hajiya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Mama, me ya fi hana ki motsa ta? Ciwo ne?"

Shiru. Tambayoyi suka taru a bakina, na haɗiye su. Sai na ga idonta bai je kan ƙafar ba. Ya sauka kan silifas ɗin surukinta, sannan ta sa hannunta mai lafiya ta ja zani ta rufe ƙwaurinta. Shi kuma labule yake kallo, kamar an ba shi aikin ƙirga zarensa. Nan na tuna kakata ta wajen uwa, wadda ko ruwa ba ta sha a gaban mahaifina.

Ban tabbata ba, ina kuma tsoron ɓata wa mutumin kirki rai. A hankali na ce masa, "Yaya, ko za mu ɗan gwada mu mata kawai? In ba damuwa."

Ya miƙe har kujerar na neman faɗuwa. "Wallahi ƙanwata, kin cece ni. Na ɗauka dokar asibiti ce sai na zauna."

Yana fita Hajiya ta ce, "Ya tafi? Tura ƙofar nan." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, da wane idon zan ɗaga ƙafa gaban mijin 'yata? Gaya wa Baturiyar taki ba mutuwa na yi ba. In kun tafi ina gwadawa ni kaɗai."

Ta ja gwiwar sama. Kaɗan ce, tana karkarwa, amma ta taso. Na fassara maganar, shugabata ta yi dariya har da share ido, ta kama tafin ƙafar tana cewa a sake.

Ba a dakatar da zuwan ba. Ban sani ba ko kwas ɗin ne ya taimake ni ko kakata, wataƙila da babu ɗaya da ɗayan bai isa ba.

A zuwana na ƙarshe Hajiya ta dafa ƙarfen da take dogarawa, ta tako daga gado har ƙofar falo, ina riƙe da ƙugunta. Daga kicin surukin ya ɗaga murya, bai leƙo ba.

"An iso kuwa?"

Ta tsaya tana haki, ta gyara mayafi, ta matse min hannu.

"Ce masa an iso."